BABI NA HUƊU: MAYE GURBIN HIDIMOMIN DA AKA GADA DAGA Qt A CIKIN HARSHEN PYTHON

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda mai shirya manhaja da harshen Python yake canza halin wani aji da ya gada daga Qt, wanda shi kuma da harshen C++ aka rubuta shi. Za a fara da fayyace ma'anar kalmomin da aka yi amfani da su, sannan a bi diddigin hanyar da kira yake bi daga C++ har ya iso Python. Daga nan za a kawo misali, a kuma duba wuraren da maye gurbi yake cin tura da dalilan da suke jawo haka.

Abin da ya sa wannan batu ya cancanci babi guda shi ne, idan maye gurbi ya kuskure, galibi babu wata sanarwa da take fitowa. Manhaja za ta ci gaba da tafiya kamar lafiya lau, alhali kuwa umarnin da aka rubuta ba a taɓa zartar da shi ba ko sau ɗaya. A manhajar rubutu, alal misali, wannan yana iya sa mutum ya rufe taga rubutun da ya wuni yana yi ya salwanta, ba tare da an tambaye shi ko zai adana ba.

4.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Aji shi ne tsarin da yake bayyana siffofin wani abu da abubuwan da yake iya yi. Abin da aka ƙera bisa wannan tsari, wanda yake zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta lokacin da manhaja take aiki, shi ne ake kira ɗan aji. Kowane aikin da aji yake iya yi idan an kira shi da sunansa kuwa, a wannan nazari an kira shi hidima.

Gado shi ne a gina sabon aji a kan wani tsoho, ta yadda sabon zai sami duk hidimomin tsohon ba tare da an sake rubuta su ba. Tsohon shi ne magabaci, sabon kuma magaji. Maye gurbi kuwa shi ne magaji ya rubuta tasa hidimar da suna iri ɗaya da ta magabaci, domin a riƙa zartar da tasa a maimakon wadda ya gada.

Ƙwarangwal shi ne tarin azuzuwa da aka riga aka shirya, aka kuma tsara yadda za su yi aiki tare, saura kawai mai shirya manhaja ya sa masa tsoka. Bambancinsa da sauran tarin hidimomi shi ne, a nan ragamar tafiya tana hannun ƙwarangwal ɗin ne. Shi ne yake zaune yana jiran aukuwa, wato danna maɓalli ko motsa linzami ko rufe taga, kuma shi ne yake kiran umarnin mai shirya manhaja idan lokacinsa ya yi. Ke nan maye gurbi yana daga cikin manyan ƙofofin da mai shirya manhaja yake shiga ta cikinsu.

4.2 Taƙaitaccen Tarihin Python da Qt da PyQt

Guido van Rossum ne ya fara ƙirƙiro Python a ƙarshen shekarar 1989 a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam a ƙasar Holan, aka kuma fitar da shi ga jama'a a 1991. Shi kuwa Qt, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng ne suka soma rubuta shi a ƙasar Norway, suka kafa kamfanin da aka sani da Trolltech a 1994, aka fitar da shi a 1995. Kamfanin Nokia ya sayi Trolltech a 2008, daga baya Qt ya koma hannun Digia a 2012. Qt ƙwarangwal ne na gina manhajoji masu tagogi da maɓallai.

Tun da harsunan biyu ba sa jin maganar juna kai tsaye, sai an gina kadarko a tsakaninsu. Phil Thompson na Riverbank Computing a Ingila ya fitar da PyQt a 1998, tare da wata manhaja mai suna SIP wadda ita ce take rubuta umarnin kadarkon. Akwai kuma wani kadarkon mai suna PySide wanda Nokia ta fitar a 2009. A wannan babi an taƙaita bayani ne a kan PyQt.

4.3 Yadda Kowane Harshe Yake Neman Hidima

C++ harshe ne mai tsauri. Kafin manhaja ta fara aiki, akwai mafassari wanda yake juya duk abin da aka rubuta zuwa harshen na'ura, kuma a lokacin ne ake yanke shawarar inda kowane kira zai nufa. Hidimomin C++ iri biyu ne dangane da wannan. Akwai rufaffiya, wadda mafassari yake ɗaure kiranta ga adireshi guda tun daga farko, babu sauran canji. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wato wadda aka sa wa kalmar virtual a gabanta. Ita wannan, yadda mafassaran C++ suka saba yi shi ne, kowane aji yana da jadawali na adireshin hidimominsa buɗaɗɗu, kowane ɗan aji kuma yana ɗauke da manuni zuwa jadawalin ajinsa. Idan kira ya zo, sai a duba jadawali a ga adireshin da ke wannan gurbi. Magaji yana maye gurbi ne ta hanyar sa adireshin tasa hidimar a gurbin.

Python kuwa harshe ne mai sassauci, tafinta ne yake zartar da umarninsa a lokacin da manhaja take aiki. A nan hidima suna ce kawai a cikin ƙamus. Idan aka kira hidima, tafinta yana duba ƙamus ɗin ɗan aji, da na ajinsa, da na magabatansa bi da bi, har ya ci karo da sunan. Saboda haka kowace hidima a Python buɗaɗɗiya ce, kuma ana iya ƙara suna a ƙamus ko a canza shi ana tsakiyar aiki.

Abin lura a nan shi ne, Qt an riga an fassara shi zuwa harshen na'ura tun kafin a rubuta ajin Python, jadawalinsa kuma ba ya karɓar komai sai adireshin umarnin na'ura. Wato Qt bai san da zaman ƙamus ɗin Python ba, balle ya duba shi. Tambayar da ta taso ke nan: ta yaya hidimar da aka rubuta da Python take samun kira daga Qt?

4.4 Ajin Tsakani

Amsar wannan tambaya tana cikin abin da SIP yake yi lokacin gina kadarko. Ga kowane ajin Qt mai hidimomi buɗaɗɗu, SIP yana rubuta wani sabon aji da harshen C++ wanda ya gaji na Qt ɗin. Alal misali, ajin QWidget, wanda shi ne magabacin tagogi da maɓallai da akwatunan rubutu, yana da magaji mai suna sipQWidget. Wannan shi ne aka kira ajin tsakani. Shi ajin tsakani ya riga ya maye gurbin kowace hidima buɗaɗɗiya ta magabacinsa da wani ɗan gajeren umarni wanda aikinsa shi ne leƙa ɓangaren Python.

Duk lokacin da aka ƙera ɗan aji daga Python, abu biyu ne suke samuwa: ɗaya a ɓangaren Python, ɗaya a ɓangaren C++, kuma na C++ ɗin ɗan ajin tsakani ne. Kowanne yana riƙe da manuni zuwa ɗan'uwansa. Idan mutum ya danna maɓalli, ga matakan da ake bi:

(a) Qt yana karɓar aukuwar daga tsarin sarrafa kwamfuta, ya miƙa ta ga hidimar event ta akwatin da ake rubutu a cikinsa, ita kuma ta kira keyPressEvent ta cikin jadawali.

(b) Jadawali yana kai kiran ga umarnin ajin tsakani.

(c) Ajin tsakani yana riƙe makullin tafinta, wanda yake hana sassan manhaja biyu zartar da umarnin Python a lokaci guda, sannan ya nemi sunan keyPressEvent a ƙamus ɗin ɗan ajin Python da na magabatansa.

(d) Idan bai sami wadda aka rubuta da Python ba, sai ya saki makulli, ya kira ta Qt ta asali, magana ta ƙare.

(e) Idan ya samu, sai ya naɗe aukuwar cikin siffar da Python yake ganewa, ya kira hidimar, ya juya abin da ta mayar zuwa nau'in da C++ yake jira, sannan ya saki makulli.

Daga waɗannan matakai za a iya fitar da sharuɗɗa uku waɗanda sai sun cika maye gurbi yake tasiri. Na farko, hidimar ta kasance buɗaɗɗiya a C++. Na biyu, sunan da aka rubuta a Python ya yi daidai da na C++ harafi da harafi. Na uku, ɗan ajin ya kasance daga Python aka ƙera shi, domin ta haka ne kawai yake zama ɗan ajin tsakani.

4.5 Misali: Akwatin Rubuta Haruffa Masu Lanƙwasa

Allon maɓallai na Ingilishi ba shi da haruffan ƙ da ɗ da ɓ na rubutun boko, duk da cewa tsarin Unicode ya tanadar wa kowannensu lamba: U+0199 ga ƙ, U+0257 ga ɗ, U+0253 ga ɓ. Ajin QLineEdit na Qt akwati ne na rubuta layi ɗaya. Ana son a gaje shi ta yadda idan aka danna Alt tare da k ko d ko b, harafi mai lanƙwasa zai fito. Ga yadda ake rubuta shi da PyQt5:

    class AkwatinHausa(QLineEdit):
        HARUFFA = {Qt.Key_K: "ƙ", Qt.Key_D: "ɗ", Qt.Key_B: "ɓ"}

        def keyPressEvent(self, aukuwa):
            alt = aukuwa.modifiers() & Qt.AltModifier
            if alt and aukuwa.key() in self.HARUFFA:
                self.insert(self.HARUFFA[aukuwa.key()])
            else:
                super().keyPressEvent(aukuwa)

Idan aka lura, babu inda aka kira keyPressEvent a cikin manhajar domin ta fara aiki; Qt ne yake kiranta ta hanyar da aka bayyana a 4.4. Haka kuma layi na ƙarshe shi ne yake mayar da duk sauran maɓallai ga magabaci. Da za a cire wannan layi, akwatin zai riƙa rubuta haruffa ukun nan kawai, sauran haruffa ba za su fito ba, maɓallin gogewa da na kibiya ma ba za su yi aiki ba, domin duk waɗannan a cikin hidimar QLineEdit ta asali suke.

4.6 Wuraren da Maye Gurbi Yake Cin Tura

4.6.1 Hidima Rufaffiya

Ajin QWidget yana da hidima mai suna close, wadda rufaffiya ce, da kuma closeEvent, wadda buɗaɗɗiya ce. Mai shirya manhaja yana iya rubuta tasa close a Python, ya sa tambayar adana rubutu a cikinta. Idan ya gwada ta ta hanyar kiranta daga umarnin Python, za ta yi aiki, domin tafinta ƙamus yake dubawa. Amma idan mai amfani da manhaja ya danna alamar rufewa da ke saman taga, kiran daga Qt yake fitowa, kuma ba ya bi ta kan wannan suna ko kaɗan. Sai taga ta rufe ba tambaya. Wannan shi ya fi kowane kuskure haɗari, domin gwajin mai shirya manhajar da kansa yana nuna masa cewa komai daidai ne. Inda ya dace a sa tambayar shi ne closeEvent, inda ake kiran ignore a kan aukuwar idan ana son a hana rufewa. Saboda haka, kafin a maye gurbin kowace hidima, wajibi ne a duba bayanin Qt na C++ a tabbatar akwai kalmar virtual a gabanta.

4.6.2 Kuskuren Rubuta Suna

Python yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Wanda ya rubuta paintevent a maimakon paintEvent bai maye gurbin komai ba, sabuwar hidima ya ƙirƙira wadda babu mai kiranta. Harsuna masu tsauri sun yi wa wannan rigakafi: Java yana da alamar @Override tun 2004, C++ kuma ya sami kalmar override a ƙa'idarsa ta 2011, kuma a dukkansu mafassari yana ƙin ci gaba idan magabaci ba shi da hidima mai wannan suna. Python ya sami irin wannan alama a fitowarsa ta 3.12 a shekarar 2023, sai dai shi tafinta ba ya bincika ta. Manhajojin binciken nau'i irin su mypy ne suke kama kuskuren, idan an gudanar da su.

4.6.3 Ɗan Ajin da Qt Ya Ƙera da Kansa

Sassaucin Python ya ba da damar a liƙa wa ɗan aji guda sabuwar hidima ba tare da an rubuta magaji ba. Wannan yana iya aiki ga abin da aka ƙera daga Python. Amma akwai abubuwan da Qt yake ƙerawa a cikinsa, kamar sandar gungurawa da ke gefen QTextEdit. Irin waɗannan 'yan ajin Qt ne na asali, jadawalinsu bai bi ta ajin tsakani ba, don haka duk abin da aka liƙa musu daga Python, Qt ba zai gan shi ba. Mafita a nan ita ce matatar aukuwa: a rubuta wani aji mai hidimar eventFilter, a ɗora shi a kan abin ta hanyar installEventFilter, sai aukuwa ta riƙa biyowa ta kansa kafin ta isa inda ta nufa.

4.6.4 Makara Wajen Liƙa Hidima

Domin gudun ɓata lokaci, idan ajin tsakani ya nemi suna a Python bai samu ba, yana sa alama a jikin wannan ɗan aji domin kada ya sake nema. Ke nan hidimar da aka liƙa bayan Qt ya riga ya yi kiran farko tana iya zama ba ta da wani tasiri. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa rubuta magaji tun daga farko ya fi liƙe-liƙe aminci.

4.6.5 Mantawa da Magabaci

Bayan abin da aka nuna a 4.5, akwai hidimar __init__ wadda take shirya ɗan aji lokacin ƙera shi. Idan magaji ya rubuta tasa, dole ne ya kira ta magabaci, domin a cikinta ne ake ƙera ɓangaren C++. In ba haka ba, ɓangaren Python zai tsaya shi kaɗai, kuma da zarar an taɓa wata hidimar Qt sai PyQt ya fitar da kuskuren RuntimeError. Har ila yau, wani lokaci magabaci ne yake tare aukuwa tun kafin ta iso. Maɓallin Tab, alal misali, hidimar event ta QWidget ce take amfani da shi wajen tsallakawa zuwa akwati na gaba, don haka galibi ba ya isa keyPressEvent. Mai son kama shi sai ya maye gurbin event ita kanta.

4.6.6 Nau'in Amsa da Hidimomi Masu Suna Ɗaya

Hidimar Python da ta ƙare ba tare da ta mayar da komai ba tana mayar da None. Amma event da eventFilter dole ne su mayar da gaskiya ko ƙarya, sizeHint kuma dole ta mayar da QSize. Idan amsa ta saɓa, ajin tsakani ba zai iya juya ta ba, sai ya fitar da TypeError. Tun daga PyQt 5.5 kuwa, kuskuren Python da ba a tare ba a cikin irin wannan kira yana sa manhaja ta tsaya gaba ɗaya, sai fa in mai shirya ta ya tanadi nasa matarin kuskure.

Bugu da ƙari, C++ ya yarda hidimomi da yawa su ɗauki suna ɗaya idan abin da suke karɓa ya bambanta, Python kuwa suna ɗaya gurbi ɗaya ne a ƙamus. Ajin QStyle yana da polish guda uku: mai karɓar QWidget, da mai karɓar QApplication, da mai karɓar QPalette. Wanda ya rubuta polish a Python ya maye gurbin dukkan ukun, tilas ya bincika nau'in abin da aka miƙo masa kafin ya yi aiki da shi.

4.7 Tsadar Ƙetare Kadarko

Kowane kira da ya ƙetara daga C++ zuwa Python yana cin lokacin riƙe makulli da naɗe kaya da juya amsa. A kan danna maɓalli wannan ba wani abu ba ne. Amma hidimar data ta ajin QAbstractTableModel ana kiranta ne ga kowane gida na jadawalin da ake gani, kuma sau da yawa ga gida ɗaya, domin ana tambayar rubutunsa daban, launinsa daban, tsarin haruffansa daban. Jadawali mai layi 20 da ginshiƙi 5 yana da gida 100, ke nan zana shi sau ɗaya yana jawo ɗaruruwan kira. Don haka bai kamata a sa aiki mai nauyi, kamar karanta fayil, a cikin irin wannan hidima ba. Haka nan wanda ya maye gurbin event ya sa kowace aukuwa ta wannan abu sai ta ƙetara zuwa Python.

4.8 Kwatanci da Wasu Kadarkai

Wannan dabara ba ta taƙaita ga PyQt ba. Jim Hugunin ya fara JPython a 1997, wanda daga baya aka sa wa suna Jython, domin gudanar da Python a kan Java. Shi ma yana ƙera ajin tsakani, sai dai yana ƙera shi ne ana cikin aiki, a lokacin da aka gaji ajin Java. A Java kowace hidima ta ɗan aji buɗaɗɗiya ce sai wadda aka rufe da final ko private, don haka matsalar 4.6.1 ta ragu sosai a can. Hugunin ɗin ne kuma ya fara IronPython domin tsarin .NET na Microsoft, wanda fitowarsa ta 1.0 ta zo a 2006. A harshen C# kuwa, kamar C++, hidima rufaffiya ce sai an buɗe ta. Wannan ya nuna cewa ƙa'idar harshen da aka rubuta ƙwarangwal da shi ita ce take yanke abin da za a iya maye gurbinsa.

4.9 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa Qt ba ya kiran ajin Python kai tsaye, ta hannun ajin tsakani da SIP ya rubuta yake isa gare shi. An fitar da sharuɗɗa uku na maye gurbi, wato hidima ta zama buɗaɗɗiya, suna ya yi daidai, ɗan aji kuma a ƙera shi daga Python. An kuma kawo wurare shida da ake samun cikas, waɗanda huɗu na farko daga cikinsu ba sa fitar da wata sanarwa. Bisa wannan ne ake ba da shawarar cewa a gwada kowace hidima da aka maye gurbinta ta hanyar da Qt zai kira ta, wato a danna maɓallin ko a rufe tagar da hannu, ko a aika aukuwar ta hanyar QTest, domin kiranta daga Python kawai ba ya tabbatar da cewa kadarko yana aiki. A babi na gaba za a duba hanya ta biyu da Qt yake isar da saƙo ga umarnin Python, wato tsarin sigina da makarɓa, wanda ba ya buƙatar gado.